Memuwar ta cika, ƙugiya ta rasa masauki

Ran nan wani ƙanena ya turo mini saƙo: "Yaya, zo maza, muna fada." Na suri sanda na nufi bayan kasuwar Dakoro, gabana na dukan uku-uku. Na iske samari sun miƙe ƙafa kan tabarma, shayi na tafasa. Ashe fada suke, ba faɗa ba.

Na ce, "Kai, ina ƙugiyar ɗ?"

Ya ce, "Wallahi Yaya, memuwar ta cika, ba wurin sa allon rubutun Hausa."

Na karɓi salular na leƙa. Bidiyon biki na shekaru uku, kokawar takobi tun daga zagayen farko, hoton furanni masu cewa barka da Juma'a sun fi a ƙirga, ga ragon layyar bara da aka daɗe da cinyewa yana nan tsaye. Duk sun sami ɗaki. Haruffa huɗu kacal, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su ne aka bari a zaure.

Masu rubuta manhaja tsiya gare su wajen rabon wuri, kamar mai awon hatsi da tiya. A tsarin UTF-8, harafin b bayit ɗaya yake ci, ɓ kuma biyu. Ƙahon ne ke cin kwano na biyu. A saƙon SMS abin ya fi muni: harafi 160 kake da shi, amma ƙugiya ɗaya ta shigo, sai rabonka ya faɗo 70. To, wannan uzuri ne na mai jin tsoron kuɗinsa. Kai da ke kwana a WhatsApp fa? Hoton ragon nan kaɗai ya ci wurin dubban ƙugiyoyi.

Allonmu na AZERTY gadon Faransa ne, yana da é da ç, ba ya da ƙ. Gboard kuwa na da allon Hausa kyauta. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, mu kuma har yau muna rubuta "harshen kasa", wato na macijiya.

Na sa ƙanen ya goge ragon, muka saukar da allon. Da dare ya turo mini saƙon murya na minti bakwai, wai yana godiya.