Sukar Ƙirji da Bashin Dubu 40

Auren ƙanwata ne ya jawo. Ranar jere motar kaya ta kasa shiga lungu, ga ƙawayen amarya sun yi cirko-cirko suna kallo. Na ce wa yaran unguwa su matsa, na tallabi gefen wadrob ni kaɗai har cikin ɗaki. Aka rangaɗa mini guɗa.

Washegari da asuba ina yin hamma, sai na ji kamar an soka mini tsinken tsire a ƙirji. Na saki numfashi, ta lafa. Na sake ja, ta dawo. Kuma a hagu! Ko ɗan firamare ya san abin da Allah Ya ajiye a hagu.

Kafin hantsi gidanmu ya cika da likitoci. Goggo ta ce, "Ɗan nan, sanyi ne, na sha hana ka kwana ƙarƙashin fanka." Maƙwabcinmu ya ce basir ne ya hau sama, shi ko targaɗe ka yi, basir ne. Inna ta rage murya ta ce a taron biki ba kowane ido ne na alheri ba. Aka kawo tafarnuwa da man zafi da turaren hayaƙi. Hayaƙin ya sa ni tari, tarin kuwa ya sa na ga taurari da rana tsaka.

Na lallaɓa na tambayi intanet, ita kuwa ba ta iya lallashi ba. Ta ce huhu yakan huje haka kawai ya sace, musamman a jikin samari dogaye sirara. Na dubi madubi: dogo, siriri. Ta ce gudan jini yakan taso daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu bayan dogon zama a mota. Na tuna na je Legas bara. Shi ke nan, na ce mutum ya tafi da hannu wanke. Na aika wa abokina mai shagon caji saƙon murya, ina nishi: "Mutumina, dubu 40 ɗin nan na yafe maka duniya da lahira."

Yayana ne ya tura ni cikin adaidaita sahu, sai asibiti. Direban bai bar rami ko ɗaya bai gaishe shi ba.

Likita ba ta ko razana ba, abin da ya ɗan ɓata mini rai. Ta shiga jero tambayoyi. Akwai zazzaɓi da tari mai majina? Domin limoniya takan kumbura tantanin da ya lulluɓe huhu, sai ya riƙa gogar na jikin haƙarƙari, kowane numfashi ya zama suka. Tari ya kai mako 2, da gumin dare da rama? Wannan sai a gwada kaki saboda tarin fuka, gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Kai sikila ne? Ga mai sikila ciwon ƙirji da zazzaɓi ba abin kwana a gida ba ne. Sigari ko shisha? Ƙafa ɗaya ta kumbura? In ka zauna ka ranƙwafa gaba ciwon yana sauƙi? Haka kumburin jakar da zuciya ke ciki yake yi. Duk na ce a'a, cikin muryar mai barin wasiyya.

Ta saurari ƙirjina, ta auna iskar jinina da ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa, aka yi gwajin bugun zuciya. Sannan ta sa babban yatsa ta danna daidai inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin ƙirji. Ihun da na yi sai da mai shara ya leƙo.

"Malam, me ka ɗauka jiya?"

Na ce wai ɗan katako ne. Yayana ya ce, "Wadrob ce, likita, mai ƙofa uku."

Ta ce guringuntsin da ya haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji ne ya ji jiki, shi da naman da ke tsakanin haƙarƙari. Shi ya sa dannawa ke tayar da ciwon. Ta tambaya ko ina da olsa kafin ta rubuta maganin kumburi, ta ce zai iya ɗaukar makonni. In kuwa na ji numfashi yana yankewa, ko jiri, ko na ga jini a kaki, in dawo ko da tsakar dare.

Muna fita na kira mai shagon caji. Ya yi hamdala, ya yi mini barka har da addu'a. Na ce, "To, batun saƙon ɗazu, ka san zafin ciwo..."

Ya ce, "Haba mutumina, ai har na tura wa mutum biyu su zama shaida."