Wasiƙa Zuwa Ga Bawana, Daga Las Palmas

Las Palmas,
Tsibiran Kanari, Sifaniya.

Zuwa ga taubashina, ɗan Gwaggo, bawana na gado,

  

Labari ya iske ni cewa a majalisar bakin kogi can Yawuri kun yi gardama kan aikin da nake yi, kai kuma ka kafe kai da fata wai kifi nake ƙirga wa Turawa. To bawa, gyara zama, ubangidanka zai sanar da kai. Ina aiki ne da wani mai gyaran wutar jiragen ruwa, irin ƙananan nan da iska ke tuƙawa. Duk watan Nuwamba tashar nan cika take maƙil, domin daga nan ayarin da ake kira ARC ke tashi, tun 1986, ya ƙetare Tekun Atalantika, a yanzu zuwa tsibirin Sen Lusiya, tafiyar kusan mil 2,700 na teku. Kai da ake yi wa addu'a da guzurin fura in za ka haye zuwa wancan gefen Kainji, ka lissafa da kyau.

Cikin masu shirin tafiyar akwai wani dattijo Bafaranshe da matarsa. Mutumin kirki ne, sai dai hannunsa a dunƙule yake kamar na wani ɗan Gwaggo da na sani. Maimakon ya sayi na'urar taswira mai tsada, sai ya haɗa tasa: 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi 3 da ba ta wuce tafin hannu ba, da manhajar OpenCPN wadda kyauta ake saukewa, da wani allo mai inci 7 na araha. Dabarar tana da kyau, don abin ba ya shan batir, kuma a tsakiyar teku wuta dukiya ce. GPS yana nuna inda jirgi yake, AIS yana nuna manyan jiragen da ke kusa. Amma da ya kunna, sai komai ya fito a lotse. Da'irar da ke auna nisa ta baje, lambobin zurfin ruwa sun dushe, tsibirin Gran Kanariya da kowa ya san shi kewayayye ya koma kamar an zauna a kansa.

Da kai aka kira, na san maganinka: ka ɗaga akwatin, ka mare shi sau biyu, ka hura masa iska, yadda ka yi wa rediyon Kaka har ta yi shiru na har abada. Nan ba a yin haka.

Ga yadda abin yake. Kowane allo ɗige-ɗige ne a jere. Wannan yana da 1024 a kwance, 600 a tsaye. In an jona shi ta wayar HDMI, shi ne ya kamata ya gaya wa kwamfuta girmansa na gaskiya. Na dattijon nan bai faɗi daidai ba, sai kwamfuta ta riƙa turo masa hoto mai layi 768 a tsaye, shi kuma ya danne shi ya cusa a 600. Ka ga inda lotsewar ta fito. Tunda tsohon tsari ne a kan na'urar, sai na buɗe fayil ɗin config.txt, na rubuta mata gaskiyar da hannuna: hdmi_group=2, da hdmi_mode=87, da hdmi_cvt=1024 600 60. Aka kashe aka kunna. Tsibiri ya miƙe, da'ira ta koma da'ira, matar dattijo ta yi tafi.

Murna ba ta daɗe ba. Da muka buɗe akwatin saiti, sai ya fi allon tsawo, kamar an sa wa yaro ɗan shekara bakwai babbar rigar Baba. Gindin akwatin ya sauka ƙasa inda ido ba ya kaiwa, maɓallin OK kuma can yake. Ka canja duk abin da kake so, babu inda za ka danna ka ce ka yarda. Dattijo ya leƙa ƙarƙashin allon da tocila, wallahi da idona na gani. Maganin gaggawa shi ne ka danne Alt, ka kama akwatin da linzami ta ko'ina, ka ja shi sama har maɓallin ya bayyana. Amma wa zai nemi Alt da tsakar dare, jirgi na tangaɗi, hannu a jiƙe? Don haka na rage girman rubutun akwatunan har suka shiga allon gaba ɗaya.

Aikin da ya fi burge ni na ƙarshe ne, kuma da rular 'yan firamare na yi shi. Manhajar tana so ta san faɗin allo a milimita, don ta fitar da ma'aunin taswira da girman alamomi daidai. Abin da ta karanto daga allon nan ba gaskiya ba ne. Na ɗora rula, ta ba ni 154, na shigar da hannu. Nan take lambobin zurfi suka fito tar. Kada ka raina wannan. Gindin jirgin dattijon ya nitse kusan mita 2 a ruwa, kuma wanda ya ga 1 ya karanta 7 a bakin dutse ba zai samu damar sake karatu ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Daga nan na ƙara girman maɓallan taɓawa saboda yatsunsa kauri gare su, na nuna masa launin dare mai duhu wanda ba ya kashe ido, na kuma sa shi ya yi alkawarin ajiye taswirar takarda a jirgi. Ya biya maigidana, ni kuma matar ta ba ni cuku mai wani irin wari, wanda na ajiye maka musamman.

Yanzu batun kuɗin shara, don na san tun layin farko shi kake laluba. Zai zo kafin Cika-ciki ta hannun Inna, ba ta hannunka ba. Kashi ɗaya naka ne, ka ci tsire. Sauran kuwa rigunan ruwa za a saya wa kwalekwalenka, manya da na yara, kuma a riƙa sa su, ba a jibge su a ɗaki ana jiran baƙi ba. Zan so hoto, kai a ciki, da tumbin nan naka.

Ka gaida Gwaggo, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida Liman da duk 'yan majalisa. In an samu mai zuwa, a aiko min da yaji da kuka da daddawa. Kilishi kam kada a sako, 'yan kwastan na Turai ba sa barin nama ya shigo.

Ubangidanka,
Ɗan Kawu.