Ƙunshin Inna a hannun kwastan

Uwa a Dirin Daji, cikin ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, idan aka ce mata ɗanta na karatu a Ingila, abu guda take ji: yaro na kwana da yunwa. Sai ta haɗa kilishi, daddawa, kuka, wake, har da ɗan goro don ya ba malaminsa.

Kilishi ne ke fara faɗuwa. Ingila da Amurka ba sa barin nama ya shiga daga Najeriya ta ƙunshin gidan waya, komai yajinsa, saboda tsoron cututtukan dabbobi. Waken ma yana da tarihi: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, bayan an yi ta samun maganin ƙwari na dichlorvos a cikinsa, wato ɗan'uwan fiya-fiyar da ake zuba wa buhu don gudun ƙwaro.

Kuka da daddawa sukan tsallake, amma sai an sha tambaya. Koren gari a leda babu rubutu, ga wani baƙin curi da warinsa ya tayar da karen jami'ai tsaye.

Goro kuwa, da Saudiyya aka nufa da shi, da ya ja wa mai shi magana. Duk shekara hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, sai ta gargaɗi alhazai a kansa.

Bayan makonni, yaro ya karɓi kwali rabi, da takarda mai cewa an lalata naman. Inna ta saurara a waya, ta nisa: "Ɗan nan, cinyewa suka yi."