Ire-iren Masu Gadi a Wasan OGame

A wasan OGame, wanda ya fara a intanet a 2002 kuma kamfanin Gameforge na Jamus ke gudanarwa, mai hankali ba ya kai hari sai ya tura ɗan leƙen asiri. Ƙaramin kumbo ne mai arha, lu'ulu'u 1,000 kacal, ga gudun tsiya. Da isowarsa mai gida zai sami saƙo cewa an hango baƙo kusa da duniyarsa, da adireshin inda ya fito, da yiwuwar harbo shi. Yiwuwar kan ƙaru idan mai gida ya fi baƙon ilimin leƙen asiri, ko yana da kumbuna da yawa a ajiye. Wannan saƙon ne ke raba 'yan wasa gida-gida.

Na farko Farar Kura. Rundunarsa ta fi ta kowa a unguwar, amma ko yaron da ya yi rajista jiya ne ya leƙo, sai ya loda ƙarfe da lu'ulu'u da mai, ya kora komai sararin sama a mafi ƙarancin gudu don kada a tarar da shi a gida. Dabarar daidai ce, yawanta ne matsalar. Da yake wasan ba ya tsayawa don wani ya kwanta, agogonsa kan kaɗa ƙarfe uku na dare, iyali su ɗauka nafila ya tashi yi.

Kunkuru kuwa ya zuba dukiyarsa kaf a bindigogin tsaro da rumfar kariya. Shi so yake a leƙo a gani. Idan aka yi mako ba wanda ya zo, sai ya ce an raina shi.

Mai Ramuwa, an turo masa ɗaya, ya mayar da goma, maƙwabcin ya auno ashirin. Waɗanda aka harbo su zama tarkace a sama, wani can ya zo da kumbon kwashe shara ya yi gaba da su.

Akwai Mai Wasiƙa, wanda kan rubuta wa mai leƙen doguwar gaisuwa da tayin zumunci, har ya rantse ba abin sata a gidansa, alhali rahoton taskarsa na hannun mutumin.

Mafi haɗari Ɗan Wata. Yana da na'urar hange a kan watansa, wadda ke cin mai 5,000 duk leƙe guda, ta nuna masa shige da ficen kumbunan duniyoyin da ke kusa ba tare da masu su sun sani ba. Ba ya fushi, ba ya amsa wasiƙa. Lissafin daƙiƙar da rundunar Farar Kura za ta sauka kawai yake yi.

Na ƙarshe Mai Barci, wanda saƙonni suka taru masa ba a buɗe ba. Bayan kwana bakwai wasan kan sa wa sunansa alamar wanda ya daina zuwa, daga nan maƙwabta su riƙa ɗiban ma'adinansa safe da yamma.