Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Audacity

Zuwa ga Hajiya Audacity, manhajar naɗar murya, a duk kwamfutar da takardar nan ta same ta.

Mai wasiƙar nan yana magana ne da yawun masu shirye-shiryen rediyo, da masu naɗar wa'azi, da yaran situdiyo da aljihunsu bai kai su sayi manhaja mai tsada ba. Duk cikinsu babu mai musun alherin Hajiya. Tun da Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara haɗa ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999, aka sake ta ga duniya a watan Mayun 2000, ba ta taɓa karɓar ko sisi a hannun kowa ba. Har asirin ƙirarta a buɗe yake, mai iyawa ya duba ya gyara. Allah ya saka da alheri.

Koken ɗaya ne: Hajiya ba ta iya bayani ba idan ta tashi da ƙafar hagu.

A duba yadda abin ke faruwa. Baƙo ya zauna, ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya. Mai naɗa ya danna jan maɓalli. Maimakon shuɗin zanen murya ya fara gudu a allo, sai ɗan akwati ya faɗo yana cewa an kasa buɗe na'urar naɗa, lamba -9999. Shi ke nan jawabin. Baƙo ya kalli agogo, mai naɗa ya hau cire waya yana mayarwa, har da hura bakin soket.

Abin haushin shi ne, lambar ma ba ta Hajiya ba ce. Akwai wani ɗan aikenta mai suna PortAudio, shi take turawa ya karɓo mata makirufo daga hannun Windows ko Mac ko Linux. Idan aka koro shi, sai ya dawo da lamba, ita kuma ta miƙa wa jama'a yadda ta zo. Kowace da ma'anarta. -9996 na nufin na'urar da aka zaɓa babu ita ko ba ta amsawa. -9997 saɓani ne kan saurin ɗaukar sauti, misali Hajiya na neman 44100 alhali katin sauti ya kafe a kan 48000. -9998 kuwa rigimar yawan layuka ce, kamar a nemi sauti mai layi biyu daga makirufo mai layi ɗaya. Ita kuwa -9999, shugabar tawagar, fassararta kawai ita ce can ciki wani abu ya faru wanda ba a zata ba. Wane abu? Oho.

Adalci ya sa a faɗa cewa sau da yawa laifin na maƙwabta ne. Tun sabuntawar Windows 10 ta watan Afrilun 2018, akwai saitin sirri da ke iya hana manhajoji taɓa makirufo, kuma ba da izini a can kaɗai kan kashe rigimar. Wani lokacin Zoom ne ko wata manhajar ta riƙe na'urar ta hana kowa. Wani lokacin canza hanyar sauti daga WASAPI zuwa tsohuwar MME ya wadatar. A 2019 da Apple ya fito da tsarin Mac mai suna Catalina, abin ya ma fi muni: ba lamba, ba akwati, Hajiya ta yi ta naɗar shiru, miƙaƙƙen layi sambal, mutum bai ankara ba sai an yi sallama da baƙo. Sai a 2020 aka daidaita wannan. To, me zai hana ta ce, "Malam, Windows ta hana ni makirufo, je ka saitin sirri"? Layi ɗaya ne fa.

Akwai kuma halinta na ƙirga na'urori sau ɗaya tak, lokacin tashi. Wanda ya buɗe ta sannan ya jona makirufon USB, a wurinta bai jona komai ba, har sai ya shiga sashenta na Transport ya umarce ta ta sake dubawa.

Sai ranar da ta ƙi buɗewa gaba ɗaya, tana rantsuwa cewa akwai wata Audacity da ke aiki. A duba allo, ba kowa. A Windows, yawanci ita ce da kanta ta maƙale a ɓoye, sai an bi ta Task Manager an sallame ta. A tsofaffin fitowarta na Mac da Linux kuwa, wani ɗan fayil ne na kulle da take ajiyewa idan ta tashi, ta share idan ta rufe. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, fayil ɗin na iya zama daram, washegari ta gan shi ta tsorata da sawun kanta. Mai wasiƙar nan yana roƙon Hajiya ta tuna cewa a Kano ko Zariya ɗauke wuta ba labari ba ne. A nan dole a yaba mata: takan tashi da tayin maido da aikin da ya katse, kuma tun fitowa ta 3.0 a 2021 ta daina watsa aiki cikin tarin ƙananan fayiloli, ta dunƙule shi a fayil guda mai wutsiyar aup3. Sai dai sabon tsarin ba ya shiri da filashi mai tsarin FAT32, wanda fayil ba ya wuce gigabait 4 a cikinsa, kuma irinsa sun cika kasuwa.

Saura masu tsayawa a allon maraba suna jiran gawon shanu. Galibi wani ƙarin kayan gyaran sauti ne da aka sauko da shi daga intanet ya shaƙe ta yayin da take tantance su. Magani sananne ne a wurin masu gyara: a rufe ta, a shiga AppData na Windows, a canza wa fayilolin audacity.cfg da pluginregistry.cfg suna, ta tashi sabuwa fil, duk saitin da aka sha wuya a kai ya tafi.

Tun da kamfanin Muse Group ya karɓi ragamarta a 2021, an ga gyare-gyare da dama. Saboda haka jama'a na roƙon a sa wannan a layi: kowace lamba ta zo da bayani a ƙasanta, da maɓallin da zai kai mutum inda gyaran yake. A fara da -9999.

Wassalam. A miƙa gaisuwa ga PortAudio.