Almajiran Baturiyar Cikin Mota

Tun da na'urar GPS ta samu gurbi a jikin gilashin mota, kusa da inda ake rataye carbi, ko ku biyu kuka fito sai tafiya ta zama ta mutum uku: kai, da direba, da Baturiyar da ke magana a ciki. Ita dai halinta ɗaya ne, ba ta fushi, ba ta gajiya. Almajiranta ne kowa da irin nasa.

Babbansu shi ne Malam Ta-Ce. Wannan bawan Allah ya damƙa wa na'ura idonsa da hankalinsa, ya bar wa kansa sitiyari kawai. Ku ɗauki hanyar gaisuwar rasuwa cikin birnin Kano, ta ce ya karya dama, sai ya karya, ko da abin da ke damar lungu ne wanda amalanke ma sai da dabara take shiga. Ka ce, "Alhaji, anya mota na wucewa ta nan?" Ba zai ko dube ka ba, sai ya ɗora yatsa a kan allo: "Ga hanya nan ta nuna." Haka za ku yi ta kutsawa, madubi na gogar katanga, yara sun biyo ku da ihu, har ku tsaya cak a bakin kwata, gaban wata tsohuwa mai tuyar ƙosai. Baturiya kuwa, cikin natsuwa, sai ta sanar cewa an iso. Malam ya kashe mota, ya gyara zaman hula, ya leƙo: "Sannu da aiki, Iya. Nan ne gidan rasuwar?" Ko sa'ad da samarin unguwa ke fito da shi da baya, ana "taho, taho, tsaya!", ba zai ga laifin na'ura ba. Mutane ne, in ji shi, suka yi gini a kan hanya. Gidajen da yake nufi sun girmi kakansa.

Kishiyarsa shi ne tsohon direban da ke kunna na'urar don kawai ya ƙaryata ta. "Ƙarya kike! Ina bin hanyar Zariya tun ba a haifi wanda ya ƙera ki ba." In ta koma sabon lissafi, sai ya kalli fasinja yana murmushin nasara.

Sai ɗan Kwatano, wanda ya tsinci tsohuwar na'ura ƙirar Garmin a cikin motar da ya sayo, da taswirar Jamus a cikinta. Yana Kwanar Dangora, ita tana ƙoƙarin mayar da shi Hambug. Ba ya jin ko kalma ɗaya, amma ba zai cire ta ba, ai ado ce.

Akwai ɗan rakiyar da aka ba wa riƙon na'ura, wanda bakinsa ba ya buɗewa sai kun hau gadar sama: "Af! Ai can baya za mu karya." Akwai mai tsere da ita: ta ce 4:10 za a isa Kaduna, ya rantse sai 3:50. Akwai mai kifa mata hula, wai Amurkawa na leƙensa, sai ka ce buhun masarar da ke but ɗinsa ne ya hana su barci.

Wannan kifa hula ita ke tayar da mai lacca. Nan take zai juyo: ai sauraro kawai na'urar take yi, ba ta aika komai sama. Taurarin ɗan'adam ne na sojan Amurka, aƙalla 24, a nisan kusan kilomita 20,000, kuma sai ta jiyo huɗu take sanin inda take. A 1983 ne, bayan Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya kauce hanya, Shugaba Reagan ya ce farar hula ma za su amfana, a 2000 kuma Clinton ya sa aka daina dagula musu siginar. Kafin ya kai ga takwarorin GPS, wato GLONASS ta Rasha da BeiDou ta Sin, an wuce gidan man da ake nema. Kada ku tambaye ni yadda na haddace laccar nan. Iyalina dai sun daina zama a kujerar gaba.

Duk waɗannan abokan raha ne. Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai yanke. Magariba ta yi, ya ɗebo mata da yara, na'ura ta nuna masa wata 'yar hanyar daji da za ta rage masa minti 20, sai ya sauka daga kwalta ba tare da ya tambayi kowa ba. Na'ura tsawon hanya ta sani. Ba ta da labarin gadar da ruwa ya cinye bara, ballantana masu tare hanyar da suka sa ko motar kasuwa ta daina bin wurin bayan la'asar. Ka yi masa magana ya kira ka matsoraci, alhali rayukan da yake caca da su ba nasa ba ne.

Jama'a, a riƙe na'ura, tana da amfani ƙwarai. Amma kafin ku bar babban titi, ku tsaya tasha ku tambayi direbobin layin da 'yan kamasho, ko mai shayin bakin hanya. Su ne suka san abin da ya faru a hanyar jiya da daddare.