Jinjina Ga Maigida Mai Dogon Haƙuri

Allah ya ja zamanin maigida, sarkin noman rake na Gubuchi, dutsen da ruwa ba ya ci, mai kunnen da ke jin tarin injin ban-ruwa tun daga zaure! Ranar da injin nan ya sauya murya, kafin azahar yana gaban bakanike a Maƙarfi. Da uwargida kuwa, kwana 20 da haihuwa, ta ce gabanta na faɗuwa, zuciyar takan tsaya cak sannan ta zabura, sai ya nuna dattakon da ya gada kaka da kakanni: "Sanyi ne, a ƙara kanwa a kunu."

Kai, ilimi baiwa ne! Likitoci Davidson da Parry sai da suka bi mata 224 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka fitar da bayani a 1978, suna zargin yawan kanwa da zafin jego. Farfesa Kamilu Karaye yana Kano, shekara da shekaru yana bin sawun ciwon. Gwarzon namu kuwa a kan tabarma ya warware shi, yana shan rake.

Su likitoci ke cewa kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki. Su ke cewa ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, masu harba jini, idan suka saki bugunsu kan rikice, in rikicin ya tsananta jini ya daina isa ƙwaƙwalwa, mintuna kaɗan sai salati. Wa zai girgiza giwa da irin wannan zance?

Ƙafar uwargida ta kumbura har silifa ya ƙi shiga, mai hangen nesa ya ce jego ya karɓe ta. Ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango tana haki tsakar dare, ya ce a jira a sayar da mazarƙwaila. Ranar da ta faɗi a bakin murhu, shi ne zai shimfiɗa tabarmi, ya karɓi gaisuwa cikin natsuwa irin ta manya, yana shaida wa jama'a cewa ko ciwon kai ba ta yi ba.

Ranka ya daɗe, asibitin koyarwa na Shika yana nan kusa da Zariya, kuma awon bugun zuciya bai kai zamanka wajen bakanike ba. Ka kai ta yau.